Ƙwara Uku a Aljihun Arzika

Bazarar Sakkwato ta kai inda take kaiwa,
kwalta na laushi a hanyar Kara,
ni kuwa na tashi daga jinyar mako uku,
ƙafafuna kamar na maraƙin da aka haifa jiya.
Na zauna gaban keken ɗinki a Rijiyar Ɗorowa,
na taka, ya ƙi juyawa,
allura ta zama biyu a idona.

Sai ga Baba Arzika da tirensa bisa kai.
Ya sauke, ya ja fatar idona da yatsa,
ya ce, "Ɗiyana, jininka ya tai yawo.
Mi kaka ci?"
Na ce, "Burodi da lemun kwalba."
Ya yi dariya da haƙoransa huɗu:
"Wanga ba abinci ba na, ruɗin hanji na."

Bai taɓa na tiren ba.
Aljihu ya laluba, ya fiddo uku,
ba busasshen da ke ƙara kamar tsakuwa ba,
mai laushin nan da ke manne wa yatsa.
"Tsaga shi tukun, ka duba ciki,
ko gidan kirki ba ya rasa baƙuwar tsutsa."

Na tsaga. Na ci.
Zaƙin bai yi ihu ba, a hankali ya sauka,
kamar ruwan farko a kan ƙasar da ta gaji.
Kafin ladan ya kira la'asar
rawar hannuna ta kwanta,
allura ta koma ɗaya.

Ya zauna bisa benci yana ba ni labari:
shekarar da motarsu ta mutu bayan Agadas,
kwana huɗu ba inuwa sai ƙarƙashin taya,
salka ɗaya, buhun dabino saba'in.
"Da shi muka kai Kwanni da ƙafafunmu,
babu wanda aka ɗauka."
Ya ce matarsa Tumba, duk watanta na tara,
ba ta kwana sai ta ci bakwai,
ranar biki kuma a jiƙa mata cikin madara,
nono ya zo, ƙarfi ya dawo gadon baya.
Ya ce shi da haƙori ya ƙare
yakan jiƙa biyar su kwana a kwanon sha,
da asuba ya shanye har ruwan,
cikinsa bai san ɗaurewa ba tun ana kashe sule.

Haliru mai guga ya miƙo hannu,
Baba ya doke shi da bakin hula:
"Kai da likita ya auna maka suga?
Ɗaya, sai in shi ya ce biyu.
Zuma da zaƙi, da harbi."
Haliru ya karɓi ɗayansa yana gunaguni,
ya tsotsi ƙwallon har magariba.

Mako shida ina cin ukuna da safe,
da maganin asibiti, da miyar zogale,
har fatar idona ta yi ja kamar ta kowa,
na ɗinka kayan Salla goma sha tara.
Na ƙirga kuɗi na kai masa, ya ture.
Ya tuɓe rigarsa, ya nuna mini aljihun:
zaƙi ya ci zaren, tururuwa sun ƙarasa.
"In kana son biya, ga aikinka."
Na sa masa sabo da ƙyallen wagambari,
na bi ɗinkin sau uku.

Ƙwallon farko da na tofar ranar nan
ya faɗa inda muke zubar da ruwan alwala.
Jiya na ga ya fito, ganye ɗaya,
siriri, a tsaye, kamar allurar da na ɓatar.
Baba ya duƙa ya daɗe yana kallonsa.
Ya ce, "Ni ban ci nai, ƙila kai ma.
Kewaye shi da ƙaya dai, awaki na nan."